Idan cibiyar ba da ƙananan rance ta zama banki, ina makomarmu?

Uwar Adashi, Jos:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ƙungiyarmu ta mata masu sarin dankali da kabeji a kasuwar Farin Gada tana karɓar rance daga wata cibiya, muna biya duk ranar Laraba, kuma ba a taɓa neman jingina a hannunmu ba, domin junanmu muke tsaya wa. Makon jiya jami'ar da ke zuwa karɓar kuɗi ta shaida mana cewa cibiyar tana neman lasisin zama banki. Wasu sun yi murna, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon masana su yi mana bayani: ta yaya irin wannan cibiya take girma har ta zama banki, kuma idan ta zama, za ta ci gaba da sauraron mai neman naira dubu hamsin?

Malamin Lissafi, Abuja:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Hanyar da cibiyarku ta ɗauka tsohuwar hanya ce. A 1976 wani malamin tattalin arziki mai suna Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 daga aljihunsa a ƙauyen Jobra na ƙasar Bangaladesh, kuma a 1983 wannan aikin ya zama bankin Grameen, wanda tun farkonsa a kan ƙananan rukunonin masu karɓar rance ba tare da jingina ba aka gina shi, kamar dai yadda kuke yi. A nan gida, cibiyar ba da ƙananan rance ta LAPO ta fara ne a ƙarshen shekarun 1980 a matsayin ƙungiya mai zaman kanta a hannun Godwin Ehigiamusoe, ta sami amincewar Babban Bankin Najeriya ta zama ƙaramin banki a 2010, sannan a 2012 ta sami lasisin aiki a faɗin ƙasa.

Abin da ke tura su zuwa ga lasisi shi ne ajiya. Cibiyar da ba banki ba tana dogara da tallafin masu agaji ko kuma bashin da ta ciwo daga manyan bankuna da tsada, amma da zarar doka ta ba ta damar karɓar ajiyar jama'a, sai ta sami kuɗi mai rahusa da za ta juya. Sai dai ki tambaya wane lasisi suke nema, domin akwai mataki-mataki: ƙaramin banki mai ofishi a yanki guda yana buƙatar jarin naira miliyan 50 ko miliyan 200 gwargwadon ajinsa, na jiha biliyan 1, na ƙasa biliyan 5. Bankin kasuwanci kuwa wata duniya ce daban, tun da a 2024 aka ɗaga jarin na ƙasa zuwa biliyan 200. Mafi rinjayen zatona lasisin jiha suke nema.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Bukuru:
Malam ya faɗi gaskiya, amma fargabar Hajiya tana da tushe, kuma bai kamata a wuce ta da sauri ba. Na yi shekaru ina duba takardun rance, kuma na san cewa wahalar da jami'i zai sha a kan rancen dubu hamsin, ya hau keke napep zuwa kasuwa, ya zauna a kan benci yana ƙirga kuɗin da ya sha ruwan tumatir, ita ce zai sha a kan rancen miliyan biyar yana zaune a ofis. Da zarar masu hannun jari sun shigo suna jiran riba, lissafi da kansa yake karkata zuwa ga babban ɗan kasuwa. Compartamos ta ƙasar Meziko ta fara a 1990 a matsayin ƙungiyar taimako, ta zama banki a 2006, ta sayar da hannun jari a 2007 da riba mai yawa alhali kuɗin ruwan da take ɗora wa mata talakawa yana da tsanani, har Yunus da kansa ya fito ya soke ta.

Ba kowa ne ya bi wannan turba ba. Equity ta Kenya, wadda aka kafa a 1984 kuma ta kusa durƙushewa a 1993, ta farfaɗo ne da ajiyar ƙananan manoma da 'yan kasuwa, ta zama banki a 2004 ba tare da ta rufe musu ƙofa ba. A ɓangaren ajiya kuma ribarku a fili take: banki mai lasisi yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar jama'a a bankunan Najeriya, wadda tun 2024 take biyan mai ajiya a ƙananan bankuna har naira miliyan 2 idan banki ya rushe. Kuma suna rushewa, domin a 2010 kaɗai Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna guda 224.

Uwar Adashi, Jos:
Allah Ya saka muku da alheri. Ranar Laraba zan nemi jami'ar ta kawo mana amsa a rubuce a kan abu uku: ajin lasisin, mafi ƙarancin rancen da za su ci gaba da bayarwa, da kuma ko za a fara neman jingina. Kafin amsar ta zo, na shawarci mata kada mu rushe adashinmu.