Ina neman shawara: lasisin fatsa a Ingila

Baƙo a Birmingham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in riƙa fita fatsa ranar Asabar da yarana biyu, mai shekara 10 da mai 14, a magudanar jiragen ruwa da ke bayan unguwarmu. Sai da lasisi? Yaran ma? Kuma in mun kama, za mu iya kaiwa gida a yi farfesu?

Ɗan Yawuri: Wa alaikumus salam. Kai dai Malam dole ne. Hukumar kula da muhalli, wato Environment Agency, ce ke bayarwa, a shafin gov.uk ko ta waya, don gidan waya ya daina sayarwa tun 2023. Akwai na kwana 1, na kwana 8 da na wata 12. Tunda duk mako ne, ɗauki na shekara mai sanda biyu, ya fi araha. Na kifin salmon daban ne kuma ba ka buƙatarsa a nan. Mai shekara 10 babu ruwansa da lasisi, sai ya kai 13. Mai 14 nasa kyauta ne, amma sai an yi masa rajista, nan iyaye ke tuntuɓe. In ka riƙe wa ƙaramin yaron sanda kana taya shi ja, a ido na doka kai ke fatsar. Tara na iya kai fam 2,500.

Hajiya daga Leeds: Ƙari kaɗan, ɗan uwa. Lasisin izinin riƙe sanda ne kawai, bai ba ka ruwan ba. Kusan kowace gaɓa da mai ita. Magudanan Birmingham galibi na ƙungiyar da ke kula da magudanai, wato Canal & River Trust ne, kuma ƙungiyoyin masu fatsa sun yi hayar sassa da yawa. Duba allon da ke bakin ruwa ka sayi tikitin yini ko katin ƙungiya. A koguna kuwa an rufe kamun kifayen ruwan daɗi, banda salmon da danginsa, daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai. Yawancin magudanai da tafkuna a buɗe suke.

Ɗan Yawuri: Batun farfesu kuma, a yi a hankali. A magudana ko tafki ba a ɗaukar kifi sai da rubutaccen izinin mai ruwan, kuma da wuya a bayar, mayarwa ake yi da ransa. A kogi an yarda a yini da ƙanana 15 da ba su wuce santimita 20 ba da kifin pike (mai dogon baki da haƙora) ɗaya da bai wuce santimita 65 ba, in mai gaɓar bai hana ba. Kifin eel mai kama da maciji dole a mayar. Birgi, taru, gura da mamari duk a manta da su a nan, laifi ne. Kada kuma ka kafa sanda ka tafi salla ka bar ƙugiya a ruwa, naɗe ta tukuna. Dalmar da ake ɗaura wa igiyar fatsa mai nauyi daga giram 0.06 zuwa 28.35 an hana ta, tsuntsayen ruwa ke haɗiyewa su mutu.

Baban Yara: In miya ce damuwar, ku gangara bakin teku. Kifin teku da sanda ba ya buƙatar lasisi, sai dai wasu nau'o'in suna da ƙa'idar tsawo da adadi, ka tambayi mai shagon kayan fatsa na garin kafin ka jefa.