Neman kalma: me za mu kira "open data" a shirin gobe?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum. Malamai da yayye, a taimaka min da gaggawa. Gobe da hantsi za mu ɗauki shiri a gidan rediyon da nake aiki, kuma har yanzu ba mu da sunan abin da za mu yi magana a kai. Turawa na ce masa open data. Abin nufi shi ne hukuma ta fitar da abin da ta tattara, kamar yawan ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, da abin da magidanta ke samu, da awon ruwan sha da iska, ta ajiye inda kowa zai ɗauka kyauta, ba sai ya roƙa ba. Na rubuta "buɗaɗɗiyar data", shugaban sashenmu ya soke. Masu saurarenmu a nan jihar Sakkwato har da na Gwadabawa da Illela da Tangaza, ina son kalmar da za su gane da jin farko.

Ɗan Runjin Sambo: Wa alaikumus salam Yaya. Gara da ya soke. Duk wanda ya ji "data" a rediyo, wadda ake sayen ta a saka a waya zai ɗauka. Ki ce gwamnati ta buɗe data kyauta, kafin a gama shirin layinku ya cika da masu tambayar lambar da za su danna. Ni dai "buɗaɗɗun bayanai" nake gani a rubuce-rubuce. Sai dai ki riƙe sharuɗɗa uku a bayaninki: kyauta ne, an yarda ka kwafa ka sake yaɗawa, kuma yana cikin jadawalin da kwamfuta za ta iya lissafi da shi. Hoton takarda da aka ɗauka a karkace aka ɗora a intanet bai cika sharaɗi ba.

Malamar Nahawu: "Bayanai" ta yi faɗi, ƙanwata. Kakakin gwamnati in ya fito ya kare kansa, bayani ya yi. Mai maganin gargajiya da lasifika a Tsohuwar Kasuwa, shi ma bayani yake yi. Abin da kike nufi lambobi ne da aka ƙirga, kuma muna da kalmarsu: alƙaluma. Kunnen mai sauraro ya saba da "alƙaluma sun nuna". Ina ba da shawarar "buɗaɗɗun alƙaluma", ko "alƙaluman hukuma na kowa da kowa" in kina da sararin numfashi.

Ɗan Runjin Sambo: Malama, ba duka ne lamba ba fa. Taswirar wuraren da ambaliya ke ci, da jerin sunayen masana'antun da aka yi wa rajista, duk suna ciki.

Malamar Nahawu: Na yarda. Amma batutuwa ukun da ta lissafa, galibinsu ƙirge ne.

Tsohon Hedimasta: Salamu alaikum. Ɗiyata, kin yi daidai da kinka tambaya. Amma wanga "buɗaɗɗe" da kuka ta maimaitawa Turanci na anka sa ma riga. Bahaushe shina buɗe ƙofa, shina buɗe tukunya, shina buɗa baki da azumi. Ban taɓa jin inda anka buɗe alƙalami ba sai in za a ɗura mai tawada. Mi ah hana mu ƙera tamu? Ni na daɗe da ƙera ta: bayyanau. Kalma guda, gajera, ta zauna ga baki. "Bayyanau na hukuma." Ki hwaɗe ta sau ukku cikin shiri, jibi ki ji ta ga bakin 'yan kabu-kabu.

Ɗan Ƙungiya: Kafin a yi nisa, ku bar ni in faɗi abin da ya sa maganar nan ta dame ni, don ni a cikin leburori nake. Dokar masana'antu ta ce in haɗari ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, dole mai masana'anta ya kai rahoto wurin sufeton ma'aikatar ƙwadago. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, don a biya wanda ya ji rauni. Ɗan wana injin niƙa ya cinye masa yatsu a wani wurin aiki a nan garin. Aka ba shi kuɗin magani, aka ce ya je Allah ya ƙara sauƙi. Bai san akwai wani rahoto ba, balle diyya. Da a ce ana lissafa irin waɗannan a fitar duk shekara, wuri kaza mutum kaza, da mai injin ya sa masa murfi tun tuni. A Amurka hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a bakin aiki, wadda dokar 1970 ta kafa, tana wallafa rahoton munanan raunuka har da sunan kamfanin da abin ya faru. Ni kalmar da nake so ita ce wadda lebura zai ji ya san abin nan nasa ne, ba alfarma za a yi masa ba.

'Yar Mabera: Allah ya ba shi lafiya, Yallaɓai. Zan so ka shigo shirin ta waya in ka yarda. Baba Hedimasta, "bayyanau" ta yi daɗin faɗi, amma ina tsoron sai na ɓata rabin shirin ina fassara ta.

Malamar Nahawu: Allah gafarta Malam, da girmamawa, akwai matsala a ƙirar. Dubi 'yan uwanta. Mantau mai mantuwa ne, makarau mai makara, jimrau mai jimiri. A wannan layi, bayyanau mutum ne mai yawan bayyana abu, wato kusan mai tonon asiri. Ɗaya layin kuma ya fi muni: dakau, wankau, aikatau, duka aiki ne da ake yi don a biya. Matar da ke dakau ta san ba kyauta take yi ba. To in ta ji "bayyanau" za ta ɗauka sai an biya kafin a nuna maka, alhali kyauta ita ce ran maganar.

Tsohon Hedimasta: Malama, ku da kanku kunka ɗauki "aikatau" kunka ba wani rukunin kalmomi cikin nahawu, ba wanda yac ce biyan shi a kai. Kalma tana ɗaukar ma'anar da anka aza mata. Da anka ce "jirgin sama", jirgi na ruwa kaɗai anka sani. Ku dai ku ce don ta hito daga bakin tsoho na Sakkwato. Da wani ɗan jarida na Kano yaf fara hwaɗin ta, da yanzu kowa na rubuta ta.

Bakano a Arkilla: Haba Baba, me ya kawo Kano cikin maganar nan? Daidaitacciyar Hausa ba mu muka zauna muka zaɓa wa kanmu ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma a Zariya aka fara buga ta a 1939. Kuma yarinyar nan shirinta har a intanet ake sa shi, wanda ke Kumasi ko Jidda zai saurara. Dole ta yi Hausar da kowa zai gane.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, tun ba a san injin buga jarida ba ƙasag ga, Nana Asma'u na rubuta waƙoƙin karantarwa da Hausa cikin ajami, mata na hardace su ƙauye-ƙauye. Ba ta jira wata hukuma ta daidaita mata ba. Kullum mu a ka ce ma mu gyara bakinmu. Mu ce "hwara", a yi dariya. Mu ce "ɗiya", a ce "'ya". Yanzu ko kalma ba mu da ikon ƙerawa?

Bakano a Arkilla: Ba wanda ya raina Sakkwatanci. Malaman harshe da kansu suna cewa ya riƙe tsofaffin siffofin Hausa da namu ya zubar. Amma ƙirar kalma daban, karin harshe daban. Ko a Kurmi aka ƙera "bayyanau" zan ce ba ta yi ba.

Ɗan Runjin Sambo: Ni abin da ke ba ni takaici, mu matasa in mun ce "data" a ce mun lalata harshe, amma "alƙalami" da "bayani" da "hukuma" duk daga Larabci suka zo, ba wanda ya ce a kore su.

Tsohon Hedimasta: Waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru sun zama 'yan gida. Taku jiya taz zo.

Almajirin Hubbare: Tunda an taɓo Larabci, ga tawa: "wakafin alƙaluma". Wakafi abu ne da aka tsayar don amfanin jama'a, ba a sayarwa, ba a gādo, ba mai hana wani. Duk wanda ya yi zaure ya san wannan.

Ɗan Ƙungiya: Malam, ma'anar ta yi kyau, amma wakafi mai dukiya ne ke yin sa don neman lada, a gode masa. Alƙaluman nan da kuɗin jama'a aka tara su, mu aka bi gida-gida aka yi wa tambayoyi. In an ce wakafi, gobe wani jami'i zai tsaya yana jiran godiya.

Almajirin Hubbare: Wannan hujja ce. Na janye.

'Yar Mabera: Don Allah a dawo kaina, dare na yi. Ga abin da ke cikin shirin don ku ga inda kalmar za ta zauna. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91. Mutane da yawa a nan sun ji haushin rahoton, wasu suka ce sharri ne. Abin da nake son nunawa shi ne, in alƙaluman na hannun kowa, ɗalibi a jami'ar Ɗanfodiyo zai iya zama ya duba ta ina aka samo 91 ɗin: rashin zuwa makaranta ne ya fi ja, ko ruwan sha, ko nisan asibiti. Sai a yi gardama da hujja. Zan kuma kawo gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake dakan duwatsun zinariya cikin gidaje, da ambaliyar da ta biyo ta Goronyo a shekarar, don a ga amfanin fitar da awon ƙasa da na ruwa da wuri.

Ɗan Runjin Sambo: Yaya, ki kula da abu biyu. Na 2022 ba kuɗin aljihu ya auna ba. Wanda ya fi kusa da auna kuɗin aljihu shi ne na 2019, da ya sa layin talauci a kan Naira 137,430 ga mutum a shekara, ya samu kashi 40.1 a ƙasa, Sakkwato 87.73. Kar a gauraya su. Na biyu, ki raba open data da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A can kai ne za ka rubuta takarda ka nema, su amsa cikin kwana bakwai. A nan kuwa su ne za su fitar tun ba ka tambaya ba. Najeriya ta shiga ƙawancen ƙasashe na buɗaɗɗiyar gwamnati a 2016, a kan wannan alkawarin za ki riƙe su.

Hajiya ta Gawon Nama: 'Yata, ki kwantar wa mutane da hankali a kan sirri. Mata in suka ji za a "buɗe" abin da maigida ke samu, ba za su ƙara amsa wa masu ƙidaya ba. Ki faɗa musu ana cire suna da adireshi, jimilla ake fitarwa. Kuma kar ki ce "tsaro a wurin aiki". A jihar nan yau, wanda ya ji "tsaro" matsalar 'yan bindiga ta Isa da Sabon Birni zai tuna. Ki ce "kare lafiyar ma'aikaci a bakin aiki". Haka "kuɗin shiga", na gwamnati ne da haraji. Na magidanci "samu" ake cewa.

Malamar Nahawu: Hajiya ta gama waɗannan biyun. Kuma maganarta ta sa na sake tunani a kan "buɗaɗɗu". Muna da "a baje a faifai", wato a fito da komai kowa ya gani. "Alƙaluman hukuma a faifai." Ba fassarar kowa ba ce, kuma ba ta da warin tonon asiri.

Bakano a Arkilla: Faifai ya nuna gani, bai nuna ɗauka ba. Kuma a rediyo "faifai" na iya zama na waƙa ko na bidiyo.

Ɗan Ƙungiya: Shi ya sa "na kowa" ta fi kwanta min. Ita ce ta faɗi mai abin.

'Yar Mabera: To ga abin da zan yi. Sunan shirin: "Alƙaluman hukuma na kowa ne". A farkon shiri zan ce hukuma ta baje su a faifai, kowa ya ɗauka kyauta, ya yi lissafi, ya yaɗa. A cikin hira in gajarta zuwa "alƙaluman kowa". "Buɗaɗɗun bayanai" zan ambace ta sau ɗaya saboda masu karanta ta a intanet. Baba, ka yafe min, "bayyanau" ba za ta shiga gobe ba.

Tsohon Hedimasta: Wagga jimla ta, ba kalma ba. Ranar da kunka so jam'inta ko ku ce "ma'aikacin kaza", za ku dawo ku neme ni. Amma tunda kin kori "data" kin rage "buɗaɗɗe", na bari, ba don na gamsu ba. Allah shi ba da sa'a. Ni dai cikin rubutuna bayyanau za ni ci gaba da sawa.

Ɗan Runjin Sambo: Ni ma taswira da jerin sunaye har yanzu suna waje, a sani.

Hajiya ta Gawon Nama: Saura "muhalli". Da an faɗe ta a unguwarmu gidan kwana ake ɗauka, har a fara tambayar ina ake rabon filaye. 'Yata, gobe dai ki ce "ruwa da iska da ƙasar da muke zaune a kai", Malama kuma ta duba mana wata kafin shirin mako mai zuwa.