Neman kalma: me za mu kira Save da Save As da Hausa?

Malamin kwamfuta, Ƙofar Ƙwaya:
Assalamu alaikum. Masu koyar da Word da Excel a nan Katsina kowa da abin da yake faɗa ma ɗalibai: wani ya ce "yi sebin", wani "ajiye", wani "adana", wani "taskace". Ina son mu tsaya kan guda. Amma mu fara sanin aikin kafin mu raɗa mashi suna. Duk abin da kake bugawa yana zaune ne cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ita kuwa RAM kamar allon almajiri take, wuta na ɗaukewa an wanke rubutun. Sai ka danna Ctrl da S sannan kwamfuta ke kwashe shi ta zuba a rumbunta, inda zai kwana ko an kashe ta. Wace kalma ce ta ɗauki wannan?

Mai buga takardu, Ƙofar Soro:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni "ajiye" nake gani. Ita ce a bakin mutane, ba sai an yi ma kowa bayani ba.

Malamar Hausa, Daura:
Yallaɓai, a yi hattara da "ajiye". Ka ce ma ma'aikaci "ajiye aikinka", abin da zai ji shi ne ya dakata, ko ma ya yi murabus. Kuma ajiya ba ta tilasta kulawa, ana ajiye buta bakin ƙofa a manta da ita. Adanawa kuwa sai abin da ake tsoron ya salwanta: takardar gona, hatsi a rumbu, kuɗin marayu. Abin da Malam ya bayyana ke nan daidai. "Taskace" a bar ta ga tsofaffin fayilolin da aka gama da su aka tara wuri guda, "killace" kuma ga fayil ɗin da aka sa ma kalmar sirri. "Ceto" da "tsira" ba su da wuri a nan, fassarar ƙamus ce kawai ta kalmar save.

Mai buga takardu, Ƙofar Soro:
Na sallama, Hajiya. To Save As fa? Na ga ana rubuta "adana a matsayin", kuma kunnena bai karɓa ba. A matsayin me?

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:
Wannan ita ce ke buƙatar natsuwa, don nan ake asarar aiki. Save tana rubutawa ne kan fayil ɗin da ke buɗe, tsohon ya tafi. Save As, wadda ake buɗewa da maɓallin F12 a Word da Excel, tana haifar da sabon fayil ta bar na farko yadda aka adana shi a ƙarshe. Abin da aka fi yi shi ne a buɗe wasiƙar bara don a yi ta bana, a canza suna da kwanan wata, hannu ya riga tunani ya danna Ctrl da S. Ta bara ta tafi ke nan. Ƙa'ida ita ce, kana buɗe tsohon fayil ka danna F12 ka ba shi sabon suna, sannan ka taɓa ko harafi ɗaya.

Wasu za su ce "adana da sabon suna", amma bai cika ba, domin abu uku ake iya canzawa a tagar Save As: suna, wurin da za a sa shi, da nau'in fayil. Nau'in ma ba wasa ba ne. Tun Office 2007 Word ke adanawa a docx, Excel a xlsx, tsofaffin kuwa doc da xls ne. In ka zaɓi CSV a Excel, shafin da ke buɗe kaɗai zai fita, lissafin da ka ɗora ya koma lambobi zalla, launi da layuka su ɓace. In takarda za a kai shago a buga, a fitar da ita PDF, don shafuka ba za su zame ba ko da kwamfutar shagon ba ta da irin haruffanka. Shawarata "adana daban". Gajera ce, kuma ta rufe duka ukun.

Malamar Hausa, Daura:
"Adana daban" ta zauna a baki. Na yarda.

Malamin kwamfuta, Ƙofar Ƙwaya:
Ni ma. Sai dai Hajiya, "ceto" da kika kora tana da gurbi. Akwai AutoRecover, wadda ke ɗaukar kwafin aikinka a ɓoye duk minti 10. In wuta ta tafi, ka sake buɗe Word, sai ta nuna maka abin da ta tsamo. Wannan ceto ne na gaske. Mai aiki da kwamfutar tebur ba UPS, wato batirin da ke riƙe ta in wuta ta tafi, ya shiga File, Options, Save, ya rage mintin zuwa 2 ko 3. In kuma mutum ya rufe takarda ya danna Don't Save bisa kuskure, ya duba File, Info, Manage Document, Recover Unsaved Documents tun da wuri, don kwanaki kaɗan kwafin ke yi. Kada a haɗa AutoRecover da AutoSave ta Microsoft 365, wadda ba ta kunnuwa sai fayil na kan OneDrive ko SharePoint, wato rumbunan Microsoft na intanet. Ita sai mu ce "adanawar kai tsaye".

Mai buga takardu, Ƙofar Soro:
Malam, in za ka rubuta ma ɗalibai, ƙara masu biyu. Windows ba ta karɓar alamomin / : * ? a sunan fayil, shi ya sa in an sa kwanan wata 12/5/2024 take ƙi. A rubuta 2024-05-12, fayiloli ma sai su jeru da kansu. Sannan kada a yi aiki kai tsaye daga filashi. A kwafo fayil ɗin cikin kwamfuta, a gama, a rufe Word, sannan a mayar, don zare filashi ana tsakiyar adanawa shi ke lalata takarda ta ƙi buɗewa.