Zazzaɓin da ke biyo bayan buɗe rumbu

Manomi daga Gidar: Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan, duk ranar da na shiga rumbu na kwashe dawar da danshi ya taɓa, lafiya lau nake yini, amma kafin magariba sai zazzaɓi ya rufe ni da rawar ɗari da busasshen tari, numfashi kuma ya riƙa yi mini wuya. Sau biyu ana gwada jinina ba a samu zazzaɓin cizon sauro ba. Ko akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Wata baiwar Allah daga Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Haka mahaifinmu ya yi fama, musamman lokacin sussukar masakwa da ɗibar harawar da ta yi fumfuna. Ya rame har dangi suka ware masa kwano bisa zaton tarin fuka ne, abin da ya fi ainihin ciwon ƙona masa rai, alhali gwajin kakinsa bai nuna komai ba.

Ma'aikacin jinya daga Garwa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Bayaninka ya yi kama da abin da likitoci ke kira huhun manomi, wanda aka bayyana a Ingila tun 1932. Idan aka tara hatsi ko harawa da ɗanyantaka, tsibin yakan ɗauki zafi, wasu ƙwayoyin halitta masu son zafi su hayayyafa a ciki, ƙurarsu kuma ta isa can ƙuryar huhu. Garkuwar jikin da ta riga ta san wannan ƙura sai ta far mata fiye da kima, fararen ƙwayoyin jini su taru a bangon jakunkunan iska har su kumbura, shi ya sa ciwon ke jinkirta awa 4 zuwa 8. Ba ya yaɗuwa tsakanin mutane, Hajiya, kuma da an san haka da ba a ware wa Baba kwano ba. Abin da nake tsoro shi ne maimaituwa, domin tabon da take bari a huhu ba ya gogewa. Ka je a ɗauki hoton ƙirjinka, ka faɗa wa likita sana'arka da lokacin da abin ke tasowa.

Manomin shinkafa daga Yagwa: Ni rawani nake rufe hanci da shi, bai hana ba. Sai da na koma shanya amfani ya bushe ƙayau, na bar wa ƙanina shiga rumbu da takunkumi mai tace ƙura, sannan na samu barcin dare.