Wace mitar auna kwarara za mu sa a layin narkakkiyar farar wuta?

Injiniya_B: Assalamu alaikum. Layin bututun da ke kai narkakkiyar farar wuta daga rami zuwa tanki, inci 3, muna riƙe shi a digiri 135 zuwa 145 na Selsiyas da rigar tururi (lulluɓin ƙarfe da tururi mai zafi ke bi ta cikinsa don ɗumama bututun). Orifis ɗin da ke kai (mitar da ke auna kwarara ta bambancin matsi gaba da bayan wani faranti mai huda) kullum ƙananan bututansa na matsi suna toshewa. An ba ni zaɓi biyu: mitar Koriyolis (mai auna nauyin abin da ke bi ta bututu mai jijjiga) mai rigar tururi, ko mitar wej (mai wani ƙarfe da ke matse hanya cikin bututu, a auna bambancin matsi). Jibi zan miƙa takarda. Wanda ya taɓa aiki da su ya taimaka.

Mai_Waya: Wa alaikumus salam. Ka sa mitar maganaɗisu ka huta.

Injiniya_B: Ɗan'uwa, farar wuta ba ta ɗaukar lantarki, maganaɗisu ba zai karanta komai ba.

Tsohon_Shif: Koriyolis? Allah ya kiyaye. A wajen aikina na baya tarkon tururi (na'urar da ke fitar da ruwan da ya taru a rigar tururi) ya mutu cikin dare, ruwa ya taru a rigar, zafi ya sauko ƙasa da 115, farar wuta ta daskare cikin mitar kamar dutse. Da asuba wani yaro ya buɗe tururi mai ƙarfi a tsakiyar mitar alhali gefe biyu a toshe. Farar wuta kuwa idan ta narke kumbura take yi. Bututun ciki ya tsage. Kwana huɗu muna tsaye, muna fasa guntaye masu ruwan ɗorawa da guduma, kuma ni aka rubuta wa takardar gargaɗi don shif ɗina ne. Har yau abin na ci mini rai.

Hajiya_Kimiyya: Sannu Baba, amma laifin tarkon tururi ne, ba na mitar ba. A kafa ta a tsaye ta zube da kanta idan an tsayar da famfo, a fara narkarwa daga bakin da yake buɗe. Kuma tururi mai ƙarfi haɗari ne ko ba a daskare ba: da farar wuta ta haura digiri 159 sai ta yi kauri ta koma kamar danƙo.

Tsohon_Shif: 'Yata, a littafi haka ne. Ke kin taɓa kwana a kan layi?

Hajiya_Kimiyya: Shekara bakwai, Baba.

Oga_Sayayya: Koriyolis ta fi wej tsada nesa ba kusa ba, shugabanni ba za su sa hannu ba.

Mai_Bawul: Ba haka na gani ba. Ka haɗa kuɗin wej da na hatiman matsi (masu hana farar wuta shiga ma'aunin matsi) da ɗumama su, tazarar kaɗan ce. Kuma Koriyolis nauyi take ba ka kai tsaye, tan-tan.

Dan_Famfo: Ni dai ko ido rufe ina gane 'yan sashenku a mota, warin ruɓaɓɓen ƙwai ke yin sallama kafin su 😂

Hajiya_Kimiyya: Wannan warin H2S ne, wata iska mai guba, idan ya yi yawa hanci ma daina jin sa yake. Kada wanda ya buɗe filanji (mahaɗar bututu biyu mai kusoshi) babu na'urar gano iska.

Mai_Bawul: Ni babban kukana masu gyara ne. Su cire lulluɓin zafi a kan filanji, su gama aiki, su tafi su bar shi tsirara. A nan ake fara daskarewa, sai a ce mita ce ta lalace.

Tsohon_Shif: To ka faɗa! Tarkon nan sau uku na rubuta a duba shi kafin ya mutu.

Injiniya_B: Jama'a, wej ɗin fa? Akwai wanda ya yi shekara da ita?

Mai_Bawul: Naku masu gyaran suna mayar da lulluɓin?