Shawarwari ga masu fara kallon Lost

A teburin mai shayi da ke Anguwan Rogo, Jos, hira ta kawo mu kan Lost, fim ɗin Amurka mai dogon zango da aka haska daga 2004 zuwa 2010. Labarin fasinjoji ne da jirginsu ya taso daga birnin Sidni na Ostireliya ya faɗi a wani tsibiri mai ban al'ajabi. Ƙannenmu biyu sun fara kallo, har sun fara ƙorafin kai ya ɗaure.

Shawarar da kowa ya amince da ita: kada ka binciki sunan kowane jarumi a intanet, don layin farko zai gaya maka ko ya mutu. Ka kuma guji abokin da ke cewa "jira ka gani". Wani dattijo ya ce kada a tsallake wuraren da ake komawa rayuwar mutum ta baya, a nan ake gane halin kowa. Na yarda da shi, duk da wasu suna jan rai.

Kashi 121 ne, zango 6, saboda haka biyu a dare sun isa. An yi gardama kan ƙarshensa, muka hana ƙannen namu ji. Lambobin nan 4, 8, 15, 16, 23, 42 da ke yawan fitowa a fim ɗin kuwa, an ce su rubuta su ajiye.