Neman shawara: dagin Arewa yana lalacewa idan na faɗaɗa shi a Photoshop

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan wani aiki da ya tsaya mini. Yayata tana da shagon ɗinki, ta ce in yi mata tambari mai ɗauke da dagin Arewa, irin wanda zobba biyu masu tsayi suka gitta juna sannan murabba'i ya ratsa su, domin a buga shi a katin shago da ledar kaya da kuma babban allon da za a kafa a ƙofa. Na samo hoton dagin na goge bayansa a Photoshop, kuma a kan kati ya fito da kyau, amma da aka faɗaɗa shi zuwa girman allo sai gefensa ya koma kamar haƙoran zarto. Mai ɗab'in ya ce in kawo masa zanen bekta. Na gwada sake zana shi da alƙalamin Photoshop, sai lanƙwasar ta fito a karkace, wani wuri ya kumbura wani ya lotsa, ga shi kuma ban gane yadda ake sa wani zare ya bi ta ƙarƙashin wani ba. Ina kuma son in adana shi yadda zan riƙa ɗauko shi duk lokacin da nake buƙata. Allah Ya saka wa wanda ya taimaka da alheri.

Wani malamin koyar da zane:

Wa alaikumus salam, Malama. Hoton da kika samo tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, wato fiksil, kuma adadinsu ba ya ƙaruwa don an faɗaɗa hoton, girman kowanne ne kawai yake ƙaruwa har ido ya gan shi. Zanen bekta kuwa lissafi ne ake adanawa, na inda kowace mahaɗa take, wato ɗigon da ake dannawa da alƙalami, da yadda layi ya lanƙwasa daga ita zuwa ta gaba, saboda haka duk girman da aka ba shi manhaja tana sake lissafa shi ne ya fito sumul. Lissafin lanƙwasar, wanda ake kira lanƙwasar Bézier, ya samo sunansa daga Pierre Bézier, injiniyan kamfanin Renault na Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen tsara jikin mota a shekarun 1960.

Karkacewar da kike gani kusan kullum yawan mahaɗai ne yake jawo ta. Mai koyo yana bin gefen hoto yana dannawa kusa da kusa, yana zaton hakan zai ƙara daidaito, alhali kowace mahaɗa da aka ƙara wata sabuwar kafa ce ta karkacewa. Cikakkiyar da'ira mahaɗai 4 kacal ake zana ta da su, sama da ƙasa da dama da hagu, kuma tsawon kowane hannu, wato ɗan layin da yake fitowa daga mahaɗa ana saita lanƙwasa da shi, yana kusan kashi 55 cikin 100 na nisan tsakiya zuwa gefe. Ki riƙa sa mahaɗa a inda lanƙwasa ta kai ƙarshen tudunta ko inda ta sauya alkibla, ki danna ki ja ba tare da sakin maus ba domin hannuwa biyu su fito, kuma ki riƙe Shift domin su tsaya a miƙe ko a kwance. Idan kin iso kusurwa mai tsini, kamar bakin zoben dagin, ki riƙe Alt ki juya hannu ɗaya shi kaɗai. Kafin ki fara, ki duba saman allo ki tabbatar alƙalamin yana kan Shape. Gyara kuma da farar kibiya ake yi, wadda harafin A yake kirawo ta, ko Shift da A idan baƙar ce ta fito: baƙar kibiya tana ɗaukar siffar gaba ɗaya, farar ce take kama mahaɗa ɗaya da hannuwanta.

Wani mai aikin ɗab'i daga Kano:

Ƙanwata, abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ni ina ganin tun farko ba Photoshop ya kamata ki ɗauko wa wannan aiki ba. Mafi yawanmu da manhajar CorelDRAW muke aiki, kuma a can za ki zana tsakiyar zaren da layi ɗaya, ki ba shi kaurin da kike so, sannan ki danna Ctrl da Shift da Q ya koma cikakkiyar siffa mai gefe biyu da kaurinsu ya daidaita ko'ina. Photoshop ba shi da umarni guda da yake yin wannan kai tsaye. Kuma ko da kin zana shi da kyau, idan kika fitar da shi a JPG ko PNG kin mayar da shi fiksil, aikin ya koma inda ya fara. Abin da yake shigowa wurinmu ke nan a kai a kai, mutum ya turo tambari ta WhatsApp a matsayin hoto, an riga an matse shi, sannan ya ce a buga masa a allo mai faɗin mita 3.

Wata mai tsara tambura:

'Yar'uwa, ba na musun abin da Alhaji ya faɗa game da CorelDRAW, sai dai tunda Photoshop ne a hannunki, aikin zai yiwu a cikinsa idan kika sauya yadda kike kallon dagin. Babu wani zare da yake bi ta ƙarƙashin wani a zahiri, ido ne yake ganin haka saboda an yanke zaren an bar ɗan fili a gefe biyu na wanda ya haye. Idan kika ƙirga a irin dagin da kika kwatanta, zobba biyun suna gittawa a wuri 4, murabba'in kuma yana ratsa kowane reshe cikin rassa huɗu na zobban sau biyu, wato wuri 8, jimla 12. Tunda zaren yana hawa ne sau ɗaya ya nutse sau ɗaya, dukan dagin guntaye 12 ne rufaffu, kowanne ya fara daga inda ya ɓullo ya ƙare a inda ya sake nutsewa. Kuma saboda rassan huɗu iri ɗaya ne, guntaye 3 kawai za ki zana.

Ki ja layukan jagora biyu su haɗu a tsakiyar shafi, ki rage hasken tsohon hoton ki kulle leyarsa, wato shimfiɗar da yake kai a Photoshop, ki zana guntayen nan uku a kai cikin leya ɗaya. Daga nan ki zaɓe su da baƙar kibiya, ki danna Ctrl da Alt da T, ki ja ɗigon da siffa take juyawa a kansa zuwa inda layukan jagora suka haɗu, ki rubuta 90 a gurbin kusurwa ki danna Enter. A sababbin Photoshop wannan ɗigon a ɓoye yake, sai an danna wani ɗan akwati a hagu na saman allo yake bayyana. Sannan ki danna Ctrl da Alt da Shift da T sau biyu, sauran rassan za su fito da kansu.

Kada ki yi amfani da umarnin da yake kifa siffa dama zuwa hagu don samar da ɗaya ɓangaren. Kifawa tana juya saƙar, sai ki ga zare ya hau sau biyu a jere a inda ɓangarorin suka haɗu, kuma duk wanda ya saba ganin dagi a bangon gidajen sarauta ko a aikin babbar riga zai ga cewa akwai matsala ko da bai iya nuna inda take ba. Filin da za ki bari a wurin gittawa ma kada ya yi siriri, domin abin da ya fito sarai a kan allon ƙofa yana iya toshewa idan aka rage shi zuwa girman kati.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Anti, na gwada juyawar kuma rassan sun zauna daidai. Sai dai da na adana shi ta Define Custom Shape na sake ɗauko shi, koren launin da baƙin layin da na zagaye shi da shi duk ba su dawo ba. Ko akwai matakin da na tsallake?

Malamin koyar da zane:

Babu abin da kika tsallake, Malama, haka wannan umarni yake aiki. Siffar gefen kawai yake riƙewa, launi da kaurin layi kuwa daga abin da yake saman allo a lokacin da kike jan siffar ake ɗauko su. Idan kina son launukan su zauna, ki ajiye fayil ɗin PSD, wato na Photoshop kansa, da leyoyinsa a matsayin asali. Lokacin jan siffar kuma ki riƙe Shift don kada ta miƙe ta gefe ɗaya. Yana da kyau ki fitar da siffofinki a fayil ɗin CSH, wanda Photoshop yake adana siffofi a cikinsa, ki ajiye a wani wuri dabam, domin idan aka sake saka manhajar ko aka sauya kwamfuta suna iya ɓacewa.

Mai aikin ɗab'i:

Idan za ki kai wa mai ɗab'i, ƙanwata, ki adana shi a Photoshop PDF ba tare da kin haɗe leyoyin sun zama hoto ɗaya ba, sannan ki buɗe fayil ɗin ki faɗaɗa shi sosai ki duba gefen; idan ya tsaya sumul, bektar tana nan. Idan ta WhatsApp ne, ki turo shi a matsayin takarda, wato Document, ba hoto ba. Ki kuma tambaye shi ko bugawa zai yi ko yankan sitika, domin injin yanka layin gefen yake bi da wuƙarsa, kuma duk inda guntaye biyu suka hau juna zai yanka su duka biyun. Launi ma ki mayar da shi CMYK, wato tsarin launin tawadar ɗab'i, tun a kwamfutarki, saboda kore mai haske na allon kwamfuta yana dusashewa a tawada, gara Yayarki ta ga ainihin wanda zai fito kafin a buga ledoji.